Ruwan da Ya Dawo Rijiyar Baba

Ruwa ake yi ranar da na sauka Landan. Ba irin namu ba, mai zuwa da hadari da tsawa ya yi abin da ya kawo shi ya wuce. Wani yayyafi ne mara zuciya, ba ya ƙaruwa ba ya ɗaukewa, sai dai ka ji shi a ƙashinka. Na tsaya a bakin tashar Stratford da akwatina ina jiran wani bawan Allah ɗan ƙasarmu, wanda ya ce ya kama mini ɗaki, har na tura masa kafin alƙalami tun ina gida. Na kira lambarsa har wayata ta kusa mutuwa. Da farko tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga gaba ɗaya. Har yau ban san fuskarsa ba, kuma ban yafe masa ba, duk da malamai sun ce yafiya ta fi.

Amma ba kuɗin ne ya fi cin raina ba. A wurinmu idan ana ruwa ka gamu da mutum, ko ba ka san shi ba, sai ka ce masa yaya ruwa, shi kuma ya ce ruwa ya yi gyara. Haka ake amsawa ko da ruwan ya kayar masa da katanga, domin ba a kushe ruwa. Ga ni a tsaye na jiƙe sharkaf, jama'a na ta wuce ni kamar ana korarsu, kowa ya sunkuyar da kai a ƙarƙashin lema, babu ko ɗaya da zan yi wa wannan gaisuwar. Ni Habu, da ake cewa bakina ba ya hutawa, na wuni ban yi magana da ɗan Adam ba.

Da la'asar ta yi na fara zagin mutumin nan ni kaɗai da Hausa, da ƙarfi kuwa, tun da ba mai jina. Ashe akwai. Wata dattijuwa mai jan jakar cefane ta tsaya ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ce wa ya taɓa ni nake ambaton iyayen mutane a titi. Sunanta Mma Ramatu, 'yar zangon Kumasi, ta daɗe a Landan tana dafa shinkafa da wake irin na garinsu tana sayar wa ma'aikata. Hausarta ta sa ni dariya a ranar da ban zaci zan yi dariya ba, domin a bakinta kowa namiji ne: uwa ya zo, kaza ya mutu, mota ya lalace. Da ta ji labarina ta yi tsaki, ta ce ba ni ne na farko ba, in ɗauko akwatina. Ɗanta ya yi aure ya koma wani gari, ɗakinsa yana nan babu kowa.

Haka na zama mutumin Thamesmead. Unguwa ce ta siminti zalla, dogayen benaye a jere, jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira tube ba ya zuwa, sai ka hau bas ka yi ta tafiya kamar za ka bar ƙasar. Gidan Mma Ramatu a can saman bene yake, tagar ɗakina tana kallon wani tafki cike fal da ruwa, ba mai ɗiba, ba mai wanki, ba saniya ɗaya da ke sha. Nakan tsaya ina kallonsa ina jin haushi. 'Yan Najeriya suna da yawa a unguwar, amma kowa daga aiki sai barci. Akwai wani likita ɗan Katsina a benen da ke gaba da namu, mutumin kirki, sai dai ba ka ganinsa sai a masallacin Juma'a, shi ma yana sauri.

Ruwa na zo karantawa, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, a ɗaya daga cikin makarantun Bloomsbury. Da Mma Ramatu ta ji haka ta yi dariya har da hawaye, wai mutum ya tsallako teku don ya karanta abin da ake sha. Daga ranar ta laƙaba mini Sarkin Ruwa. Ita kaɗai na gaya wa gaskiyar abin da ya kawo ni: rijiya ce.

Baba ne ya haƙa ta a tsakar gidanmu a Kukar Dinya, shekarar da aka haife ni. Ruwanta ga garɗi ga sanyi, har daga ƙarshen gari mata ke zuwa da tulu, Inna kuwa ba ta taɓa hana kowa ba. Ina sakandare wani kamfani ya zo ya fara haƙar kwal a bayan dutsen garinmu. Ba ta sama suke kwashewa ba, ramuka suka yi suka bi ta ƙarƙashin gonaki. Ramin da ya wuce idon ruwa kuwa dole ruwa ya cika shi, don haka suka kafa injuna suna zuƙewa dare da rana suna zubarwa a kwari. Ba wanda ya gaya mana cewa ruwan da suke zuƙewa da wanda ke rijiyarmu duk ɗaya ne. Mu dai mun ga igiyar guga ta daina kaiwa. Baba ya ƙara igiya, ya sa aka yashe rijiyar, ya sa aka yi ta ƙara mata zurfi, har wata rana guga ya dawo da busasshiyar ƙasa. Ya rufe bakinta da fallen kwano ya ɗora dutse. Mutane suka ce ya cike ta kada wani ya faɗa, ya ƙi. Ko a ciwon ajalinsa sai da ya ce wa Inna kada a cike rijiyar nan, ruwan zai dawo. Tun daga lokacin Inna take saye a wurin 'yan ga-ruwa, ranar da babu hali kuma ta ɗauki jarka zuwa burtsatsen bakin kasuwa.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, ita kuwa irin matan da ce masu alkunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama ta yi hira da ni, ba ta tambayata abu kai tsaye. Duk Juma'a nakan kira ta. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya gida, lafiya. Allah ya yi albarka, Allah ya ba da abin da aka je nema. Shi ke nan. In kashe wayar in zauna a bakin gado ina kallon tafkin nan, maganar da na tara ta mako guda tana nan a cikina ban sauke ba.

Da sanyi ya shigo sosai abin ya ƙara tsanani. Kafin ka shafa addu'ar la'asar gari ya yi duhu. 'Yan ajinmu ba su da laifi, suna murmushi, suna riƙe maka ƙofa, amma da an tashi sai su nufi inda ba na zuwa, ni kuma in nufi tasha. Mma Ramatu tana fita tun kafin in farka, ta dawo a gajiye ƙafa a kumbure. Kullum dai sai na tarar da kwano a rufe a kicin, da rabona a ciki. Akwai ranakun da kalmar da ta fita bakina ita ce godiyar da nake wa direban bas. Na yi kewar gida har na riƙa kewar mutanen da ba ma shiri da su.

Cikin wannan sanyin ƙanwata Hauwa ta turo saƙon murya, guɗa na tashi a bayanta. Na san kamfanin ya kwashe injunansa ya tafi tun bara. Abin da ban sani ba shi ne Inna takan ɗaga kwanon nan jifa-jifa ta saki tsakuwa ta saurara. Ranar sai tsakuwa ta ce tsundum. Ruwa ya dawo rijiyar Baba. Gari ya ɗauka addu'ar Baba, da suke kira Malam, ce ta karɓu, har aka yi sadakar gumba. Na yi sujada a kan kafet ina kuka, Mma Ramatu ta shigo a guje ta zaci rasuwa aka yi. Ɗalibin ruwa guda, murna ba ta bar ni na tambayi kaina ta ina ruwan ya biyo kafin ya iso rijiyar ba.

Da sanyi ya wuce aka kai mu arewacin Ingila, garuruwan da suka rayu da kwal suka daina. Malaminmu, wani dattijo mai yawan tari wanda ubansa a ramin kwal ya yi aiki, ya tsayar da mu a bakin wata ƙorama. Ban taɓa ganin ruwa haka ba. Duwatsun ciki da ciyawar gefe duk sun yi jajir kamar an ɓarar da manja, ba kifi, ba kwaɗo. Ya taka zuwa inda ruwan ke ɓulɓulowa daga ƙasa ya ɗebo a kwalba. Garau yake, ka ce ka kafa kai. Ya ce mu riƙe kwalbar mu gani. Kafin mu isa masauki ruwan ya fara juyawa.

Bayanin ba shi da wuya. Tare da kwal akan sami wani dutse mai ƙyalli, ƙarfe da farar wuta ne a cikinsa. Muddin yana nutse cikin ruwa ba ya cutar kowa. Idan aka zuƙe ruwan, iska ta shiga ramukan, sai dutsen ya yi ta ruɓewa shekara da shekaru. Ranar da aka kashe injuna ruwa ya taso, sai ya wanke wannan ruɓa ya yi tsami, tsamin kuma ya narkar da ƙarfe da wasu ƙarafan da ido ba ya gani, tafasawa ba ta fitar da su. Dattijon ya ce mutane sukan yi kuka idan rijiyoyi suka ƙafe, amma shi dawowar ruwan ce ta fi ba shi tsoro.

Nan take na tuna da rijiyar Baba. Juma'a na kira Inna, bayan ina kwana na ce mata yaya ruwa. Lokacin damina ta faɗi a gida. Ta ce ruwa ya yi gyara. Na ji sanyi a raina, na ce ai ba kowane rami ne ke da wannan dutsen ba, ƙila namu Allah ya tsare. Juma'a ta gaba na sake tambaya, ta sake amsawa haka. Na riƙe amsar hannu biyu, domin ita nake so in ji.

Ana gab da Babbar Sallah likitan nan ya dawo daga gida, ashe Hauwa ta bi ta hannun danginsa ta aiko mini da ƙunshi. Ga kuka, ga daddawa, ga yaji. A ƙasa, naɗe cikin wani tsohon zanen Inna, babbar rigar Baba ce, farar shaddar da yake sawa ranar Idi. Hauwa ta ce Inna da hannunta ta wanke ta, ta ƙi a kai wa mai wanki. Na rungume rigar na daɗe ban sake ta ba. Mma Ramatu ta karɓa ta ware ta a hasken taga.

"Uwanka ya tsufa, idonshi ba ya gani. Duba, riga ya yi ja."

Da gaske farin ya dushe, ga wani ja-ja yana bin ninkin. Na ce jar ƙasar garinmu ce. Ta ce in bar mata, ba za ta bari in je Idi haka ba, ta jiƙa ta a baho da bilic. Da muka koma kanta, maimakon ta yi haske sai jan ya fito ɓaro-ɓaro, kalar ƙoramar nan sak. Mma Ramatu ta ɗora hannu a ka tana ba ni haƙuri, wai ta ɓata rigar mamaci. Ni ban ma ji ta ba. Jar ƙasa tana fita da wanki. Abin da bilic ke ƙara wa ja tsatsa ce, ƙarfen da ke cikin ruwan da aka yi wankin da shi. Abin da ke jikin rigar nan shi Inna take sha tun lokacin sanyi.

Ban jira Juma'a ba. Na kira Inna, ta ɗauka a tsorace, tun da ba ranar kira ba ce. Muka gaisa, na ce yaya ruwa, ta fara amsawa, na katse ta, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, ba gaisuwa nake yi ba. Ruwan rijiya nake tambaya. In ya kwana a randa, yaya yake tashi?"

Ta ce yakan yi ɗan ja a gindin randa, amma tana tacewa da ƙyalle. Sauran sai da na yi ta janyo su ɗaya bayan ɗaya. Shayi yana baƙi idan an dafa da shi. Yana da bauri, da ɗan tsami-tsami. Bokitin ƙarfe ya huje. Yakuwar da ta shuka a gefen rijiya ta ƙone. Maƙwabta sun rage zuwa, kunya ta hana su faɗin dalili. Na ce cikinta fa, ta ce tsufa ne.

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Na ce ban san duk abin da ke cikin ruwan ba sai an gwada, amma kada ta ƙara sha, kada ta yi girki da shi, kada ta ba kowa. Ta ce rijiyar Malam ce, ya ce ruwan zai dawo, ga shi ya dawo, ita ba za ta raina kyautar Allah ba. A nan halina ya motsa. Na ɗaga mata murya, na ce Baba ruwa ya ce zai dawo, bai ce guba ba. Na ce in so take a binne ta kusa da shi ina can wata uwa duniya, to ta ci gaba da sha. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta kashe wayar.

Ban taɓa Sallah mara daɗi irin wannan ba. Na sa rigar haka nan da janta, na je filin da aka yi Idi. Kowa ya sha ado, kowa da iyalinsa, ana ta ɗaukar hoto, wasu na satar kallon rigata. Ba kukan rago ko ɗaya, wai an yi booking ta waya, nama zai zo a leda. Likita ya gayyace ni gidansa, na ce ina da karatu. Na kira Inna in yi mata barka da Sallah, Hauwa ta ɗauka ta ce tana wurin suya. Juma'a ta zo na sake kira, aka ce tana salla. Na roƙi Hauwa ta rufe rijiyar, ta ce ita a wa, ta taɓa rijiyar Baba Inna na tsaye. Duk lokacin da na buɗe famfo a kicin na cika kofi, sai in tsaya ina kallonsa in kasa sha. Mma Ramatu ta samo lemon tsami da gishiri, kullum in ta dawo ta murza rigar kaɗan. Jan ya ragu, amma bai fita ba.

Wata Talata da rana ina tsaye a rumfar jiran bas, ruwan nan nasu yana ta dukan rufin, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Inna ce. Tun da ta mallaki waya ba ta taɓa kirana da kanta ba. Na ɗauka da sauri, na zaci Hauwa ce da mugun labari.

Ashe Inna ce da kanta. Ba ta jira na gaishe ta ba. Ta ce ta mayar da kwanon, ta sa an ɗora dutsen, ta aika wa maƙwabta kada kowa ya ƙara ɗiba. Amma ba za a cike ta ba, wannan wasiyya ce. Na ce ba za a cike ba, Inna. Ta ce ta koma burtsatsen bakin kasuwa, ƙafafun dai ba kamar da ba, amma suna kai ta. Na san nisan wurin, na san layin jarkokin. Duk shekarun da ta yi tana sakin tsakuwa tana saurare, ni ɗanta ne na karɓe mata rijiyar a waya ɗaya. Na ji daɗi ta daina sha, kuma na ji kamar in nutse.

Na fara ba ta haƙuri kan maganar da na faɗa mata. Ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza, tun kafin a haife ka na san haka. Ina da ido, na ga rigar kafin in naɗe ta. Kai ne mai karatun ruwa, shi ya sa na aiko maka. Na zaci za ka ce ga maganinsa, ba a rufe ba."

Na ce to me ya hana ta faɗa mini, duk Juma'o'in nan ina tambayarta.

"Ka tambaye ni ne? Gaishe ni kake yi."

Ta tambaye ni ko karatun nawa yana gyara ruwa, ko gane ɓacinsa kawai yake yi. Na gaya mata gaskiya, cewa ana gyarawa, na gani da idona a nan, amma aiki ne mai cin shekaru, kuma sai na zo na ɗiba an gwada kafin in san daga ina za a fara. Ta ce rijiya dai ba gudu za ta yi ba, Allah ya sa da ranmu.

Bas ɗina ya zo ya wuce, ban hau ba. Ta ji ƙarar rufin, ta ce ruwa ake yi a wurinku ne. Na ce kullum ma. Ta ce to yaya ruwan. Bakina ya riga ni, na ce ruwa ya yi gyara.

"Ba gaisuwa nake yi ba," in ji Inna.

Na zauna a kan bencin nan mai sanyi. Na ce Inna, ruwan nan ya ishe ni, kaɗaici zai kashe ni a garin nan. Na ba ta labarin mutumin da ya cuce ni a tasha, wanda ban taɓa gaya wa kowa a gida ba, da tafkin da ba mai ɗiba, da matar da ke rufe mini kwano a kicin, da ranakun da nake wuni ban buɗe baki ba. Ba ta katse ni ba. Ina jin numfashinta, da kukan akuya a bayanta, har katinta ya ƙare.